Tandun Malam Zaharaddini

Khartum, 3 ga Yuli

Zuwa ga Kaka Sodangi, mai agashe na tashar Sinja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Kaka Ruqaya da mutanen Hillar Malam duka. Yaya gwiwar? Yaya kunnen? Na san kunnen ne ya raba ka da waya, shi ya sa na ɗauki biro, zan ba Lukman direban hafla, motar hayar nan, ya kawo maka. Idan ka manta da ni, ni ce Hanaa, jikar Dije 'yar baffanka, wadda ta zo bikin Mu'minat da dogon takalmi ta nutse a taɓon ƙofar gidanka. Ka yi haƙuri da Hausata, ta Khartum ce, Larabci ya cinye rabinta.

Ga abin da ya sa na rubuto. Gwamnati ta kafa lajna, wato kwamiti, ta abincin ƙasa, ni ce ƙaramar ma'aikaciya a ciki. A watan Nuwamba za a yi makon abincin Sudan a Jidda, a gayyaci jakadu da manyan baƙi, su ci abincinmu su san ba labarin rigima kaɗai muke da shi ba. Aka jera kisra da asida da mulah da ful. Ina zaune ina jira a ambaci agashe, gasasshen namanmu na tsinke, shiru. Da na ɗaga hannu, shugaban lajna ya dube ni ta saman tabarau ya ce agashe abincin bakin titi ne, kuma na Takari, wato mu Hausawa, ba na 'yan ƙasa ba. A gabana ya faɗa, Kaka. Shi da kowace Alhamis yake aika direbansa ya sayo masa tsinke goma!

Ban san inda na samo bakin ba. Na ce masa kakannina sun fi shekara ɗari suna noma a bakin Nilu, idan har yanzu baƙi ne to a faɗa mini ranar da mutum yake zama ɗan gida. Sati biyu muna ja. A ƙarshe ya yarda, da sharaɗin in kawo agashen da babu kamarsa.

To ni guda ɗaya na sani. In Allah ya yarda kai za ka wakilce mu a Jidda, hannunka da yajinka, har gaban jakadu. Ka fara shiri tun yanzu, kuma ka rubuto mini abin da ake zubawa a yajin.

Ka gaida Kaka Ruqaya. Ɗakin ciyawan yana yi mata yoyo har yanzu, ko ka yarda an gina na tubali?

Jikarka,
Hanaa

Hillar Malam, 10 ga Yuli

Zuwa ga amaryata ta birni,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan tana tsiyarta, kunne kuwa ya huta da surutun kishiyarki Ruqaya. Ban manta da ke ba. Takalminki ɗaya yana nan, kaza tana ƙwai a ciki.

Hanaa, sau huɗu na karanta takardarki. A na huɗun na shiga ɗaki na rufe ƙyaure, don kada Ruqaya ta ga ina hawaye ta samu abin faɗa har ƙarshen damina. Jidda! Ke ba ki san abin da kika taɓo ba, don Dije ta rasu kina ƙarama, bari in gaya miki.

Kakanmu Malam Zaharaddini ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa, da niyyar hajji. Ranar tafiya mahaifiyarsa ta daka yaji ta cika masa ɗan tandu na fata, bai fi ƙoƙon sha ba, ta ce, “Kak ka bari shi ƙare sai ka ga Makka.” Ya iso nan guzuri ya yanke, ya ce bari ya yi noman shekara ɗaya ya wuce. Shekara ɗaya ta zama talatin. Duk lokacin da yajin ya yi ƙasa, sai ya daka sabo, ya juye rabin na tandu a turmi, ya gauraya, ya sake cika tandun kafin ya taɓa sauran. Da zai rasu ya bar wasiyya: tandun nan ba ya zama wofi sai jininsa ya ci abin da ke ciki a Makka. Babana ya riƙe shi shekara arba'in, bai je ba. Ni shekarata talatin da shida da shi, ko Bur Sudan ban taɓa gani ba. Duk agashen da na gasa a tashar Sinja, akwai hannun tsohuwar nan a ciki.

Kin tambayi zancen tubali. Kakana bai gina ba, babana bai gina ba, don a wurinsu zango muka yada, ba zama muka yi ba. Ni wane ne da zan fara? Ruqaya ta ce zangon nan ya tsofe har ya yi jikoki. Ba na jin ta, na gaya miki kunnen yana da amfani.

Maganar rubuta abin da ake zubawa, ki bar ta. Ƙuli-ƙuli ne da citta da kimba da masoro da kanumfari da shatta, wato barkono, da gishiri, kowa ya san wannan. Awon yana tafin hannuna, kuma tunda hannun da kansa zai je, me za a yi da takarda?

An ce daga Jidda zuwa Makka sa'a ɗaya ce a mota. Ki ce wa shugabanku mai tabarau rana ɗaya kawai nake roƙo bayan an gama ciyar da jakadun. Ki gaya mini takardun da zan nema, da ranar tashi. Na kai yadin jallabiya wurin tela.

Kakanki,
Sodangi

Khartum, 19 ga Yuli

Kaka,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Na karanta takardarka. Na kira wayar maƙwabcinka Sulaiman, da ya ɗauka sai na kashe, don wannan magana bai kamata ta biyo ta bakin wani ba.

Kaka, na yi kuskure a rubutuna. Da na ce kai za ka wakilce mu, yajinka nake nufi da sunanka. Ba a sa ka cikin masu tafiya ba. Mu tara ne za mu je, an rufe sunayen tun kafin in rubuto maka, kuma girkin duka wani kuku ne na otal zai yi, sunansa Mujtaba. Ɗoki ne ya ɗebe ni, na rubuta yadda zuciyata take gani, ba yadda abin yake ba. Ban san labarin tandu ba, wallahi da na sani da na auna kowace kalma.

Don Allah kada ka gaya wa kowa tukuna. Ka ce wa tela ya dakata. Zan sake shiga wurin shugaba in roƙe shi, amma ba zan yi maka alkawari ba, alkawarin bakina ne ya jawo wannan.

Ka yafe mini.
Hanaa

Hillar Malam, 6 ga Agusta

Amarya,

Gaisuwa. Muna lafiya, ruwa yana ta sauka, gyaɗa ta yi kyau. Shiru ban ga amsarki ba. An ce haflar Lukman ta lalace a Madani tun makonni biyu, suna jiran wani ƙarfe. Na ce to, yarinya tana can tana fama da takarduna, bari ni ma in yi nawa ɓangaren.

Ke 'yar birni ce, ba ki san yadda ake tafiya irin wannan a wurinmu ba. Mutum ba ya nufar Makka da nauyin kowa a wuyansa. Gida gida ake bi a nemi gafara. Kwana tara na yi ina yi, gwiwar nan tana zagina. Na roƙi wanda na taɓa yi wa tsawa, na roƙi wanda akuyarsa ta shiga gonata na ɗaure ta kwana biyu.

Gida ɗaya na bari a ƙarshe, na Mahadi mai ƙona tubali a bakin kogi. Shekara goma sha ɗaya ba ma magana. A wani taron suna ne ya ce, a gaban jama'a, “Ku dai har gobe kuna bisa hanya? Jakin Malam ya mutu tun zamanin Turawa, ku sauke kaya mana!” Aka yi dariya. Tun ranar ko a masallaci idan ya tsaya dama ni hagu nake yi. Shekaranjiya da hantsi na same shi yana jera tubali, na ce, “Mahadi, Jidda za ni, ka yahe mani.” Ya saki tubalin hannunsa ya fashe. Ya ce, “Ya salam! Da gaske, Sodangi? Ashe ni ne wawan. Halas, na yahe, kai ma ka yahe mani.” Ƙaton mutum yana kuka kamar an mari jariri. Da yamma ya aiko mini da harami, farare biyu sababbi, waɗanda ya ajiye wa kansa.

Yanzu gidan nan ya zama kasuwa. Kowa da saƙon addu'a: mai neman haihuwa, mai ɗa a Libiya da ba a jin labarinsa, mai ciwon ido. Ruqaya ta san kaina ba ya riƙe suna, sai ta samo igiya, kowane saƙo ta ƙulla ƙulli, tana sa ni ina bitarsu kamar carbi. Mun kai arba'in da uku.

Ba na iya zama wuri ɗaya, Hanaa. Jiya na ƙona tsinke shida ina kallon hanyar Khartum. Ki rubuto ranar.

Sodangi

Hillar Malam, 13 ga Agusta

Hanaa,

Salam. Muna raye.

Lukman ya iso jiya, ya miƙo mini takardarki ta sha tara ga Yuli, duk ta sha man inji. Kwana ashirin da huɗu tana kwance a aljihun mota, ni kuwa ina yawo gida gida ina ban kwana.

Kin ce kada in gaya wa kowa. Wa ya rage? Liman ya yi mini addu'a a kan mumbari. Jallabiya tana rataye. Haramin Mahadi yana ƙarƙashin matashina.

Ke da kika yi jami'a, ba ki san bambancin mutum da garin yaji ba? Kuka zauna a ɗaki mai sanyi kuna rabon kujerun jirgi, aka samo wa kuku, aka samo wa mai ɗaukar hoto, wanda ya yi shekara hamsin hayaƙi yana cin idonsa kuwa a ɗebo garinsa a leda. Shugabanku ya fi ki gaskiya, shi ya faɗi abin da yake ganina a fili.

Ba zan aiko da komai ba. Kukunku ya barbaɗa abin da ya ga dama. Yau ban fita tasha ba, kuma ban san ranar da zan fita ba. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

Sodangi

Khartum, 21 ga Satumba

Kaka,

Ina gaishe ka, ina gaida Kaka Ruqaya. Lukman ya ce tasha babu hayaƙinka har yau, masu hafla suna ta tambaya, kuma ka rame. Wannan ita ce takarda ta uku da na aiko tun Agusta. Ban sani ba ko kana karantawa ko hura wuta ake yi da su. Ko wanne ne na cancanta.

Sau huɗu na shiga wurin shugaba. Na ce a cire sunana a sa naka. Ya ce kujerata ta ma'aikaciya ce, ba a ba wani, kuma otal ɗin Jidda ba ya barin kowa ya taɓa wuta sai mai shahadar girki, wato takardar shaida. Na ce shekara hamsin ba shahada ba ce? Ya ce in fita in rufe masa ƙofa.

Mujtaba ya gwada agashe da yajin kanti ranar Talata. Mutumin kirki ne, ya iya aikinsa, amma shi da kansa ya tauna ya ce wannan garin katako ne. Shugaba ya ba mu zuwa tsakiyar Oktoba, idan bai gyaru ba za a soke agashe a sa kifi. Na ga alama daɗi ma ya ji.

Ba yaji nake roƙo ba, Kaka, na daina. A soke. Abin da ke hana ni sukuni shi ne ni zan hau jirgin nan in tsaya bayan tebur ina murmushi, sa'a ɗaya tsakanina da inda gidanmu ya yi shekara ɗari yana nufa, kai kana ɗaki saboda ni. Na rasa inda zan sa kaina. Ko zagi ne ka rubuto.

Hanaa

Hillar Malam, 9 ga Oktoba

Hanaa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Takardunki uku suna nan, ba a hura wuta da su ba, ko da yake ta biyun ta kusa.

Kishiyarki ce ta karya ni. Ranar Laraba ta shigo ta tsaya a kaina, ta ɗaga murya yadda ko kurma zai ji, ta ce, “Kai, tsoho! Malam cewa ya yi jinina, ko cewa ya yi Sodangi? Ita ɗiyag ga daga sama ta faɗo? Jikar Dije ta, jininku ta. Kai dai son ganin jirgi ya rufe maka ido.” Na ce ta fita. Ta fita, maganar ba ta fita ba. Shekara talatin da shida ina riƙe da tandun nan, ban taɓa lura na mai da wasiyyar tawa ni kaɗai ba.

Ranar Juma'a na sa tsohuwar rigata na tafi masallaci, bayan sallama na miƙe na faɗa musu ba ni ne mai tafiya ba. Na zaci za a yi dariya. Wasu sun yi, a bayan hannu, na gan su. Na kai wa Mahadi haraminsa, ya ƙi karɓa. Ya ce, “Gafarar da munka yi ba ta jirgi ba ce. Riƙe abinka.”

Ga abin da Lukman zai miƙa miki, na sa shi ya rantse ba zai bar shi a aljihun mota ba. Buhu ƙarami na yaji, kwana uku ina dakawa, na jakadu ne. Igiya mai ƙulli arba'in da uku, da takardar sunayen, Ruqaya ta sa an rubuta. Sai tandu. Ban bar ko tsunkule a gida ba, kuma ba zan daka wani ba sai ya dawo, don ban taɓa daka yaji babu shi ba.

Ki gaya wa kukun: a yanka naman fale-fale, a shafa man gyaɗa, a birkiɗa shi cikin yaji har ya ɓace. Wuta a tsakiya, tsinke a kewaye, kada ya ɗora nama a kan harshen wuta kamar mai gaggawa. Tandu kuwa ba na jakadu ba ne. Kada ya bar hannunki. Idan kin ga Makka da idonki, ki buɗe, ki ci, ki ambaci sunan Malam da na mahaifiyarsa, Nasiba.

Har yanzu ina jin haushinki kaɗan. Allah ya kai ki lafiya.

Kakanki,
Sodangi

Jidda, 17 ga Nuwamba

Kaka,

Assalamu alaikum daga Jidda. Ina lafiya, ina fata kuna lafiya. Gobe za mu dawo, amma ba zan iya jira in faɗa maka da baki ba, gara takarda ta riga ni. Ka zauna kafin ka karanta.

An yi walimar jakadu jiya da azahar. Katin da aka rubuta wa teburinmu cewa ya yi “gasasshen nama na Sudan”. Na juya bayansa na rubuta da hannuna, “Agashe, abincin Hausawan Sudan, yajin Sodangi na Sinja.” Shugaba ya gani, ya buɗe baki, sai ga baƙi sun fara shigowa, ya mai da shi murmushi. Mujtaba ya bi duk abin da ka ce. Kaka, layi aka yi. Mutane masu manyan riguna suna lasar yatsa. Wani ma'aikacin jakadanci daga ƙasar Hausa ya ci ɗaya ya ce da ƙarfi, “Kai, wannan ai tsirenmu ne!” Na ce masa, “Ranka ya daɗe, daga wurinku ya taso, amma gyaɗar ta bakin Nilu ce.” Ya yi dariya ya ci huɗu.

Yanzu laifina. Shugaba ya ga tandu a jakata da safe, ya ce kayan tarihi ne, a ajiye shi a kan tebur baƙi su gani. Ka ce kada ya bar hannuna. Na ajiye, don ina so a gan shi. Can aka kira ni in yi wa matar wani jakada bayanin kisra. Kafin in dawo buhun ya ƙare, layi bai ƙare ba. Mujtaba ya ga yaji a tandu, bai san komai ba, ban taɓa gaya masa ba. Ya juye duka, ya birkiɗa naman ƙarshe, har ya ɗauraye tandun ya kife shi ya bushe, shi a ganinsa ya kyauta mini.

Na ɗaga tandun na ga haske ta bakinsa. Shekara ɗari, Kaka, ya ƙare a hannuna, saura sa'a ɗaya.

Na waiwaya, tsinke ɗaya ne ya rage, yana kan faranti, mai hidima ya nufi teburin shugaba da shi. Ban yi tunani ba. Na bi shi, na kai hannu na ɗauke tsinken daga farantin a daidai lokacin da shugaba ya miƙo nasa hannun. A gaban jakadu uku. Na ce, “Malish, a yi haƙuri, wannan yana da mai shi.” Na naɗe shi a gefen mayafina na fita. Ban san ko ina da aiki idan na koma ba.

Wata abokiyar aikina da mijinta suka kai ni Makka bayan la'asar. Ba a shiga da abinci masallaci, sai na zauna a bakin wani dakali daga waje, hasumiyoyin suna gabana. Naman ya huce, mai ya ɓata mayafin. Na ce, Malam Zaharaddini ɗan Nasiba, ga yajinka ya iso. Na ci duka, na lashe tsinken, na lashe yatsuna, ina kuka mutane suna wucewa suna kallona. Sannan na shiga na yi umra, na bi igiyar ƙulli bayan ƙulli har arba'in da uku. Na ƙara biyu daga wurina: Allah ya kawo ka nan da ƙafarka, Allah ya ba Kaka Ruqaya ɗakin da ba ya yoyo.

Ban sani ba ko wannan ya cika wasiyya. Tandun a Jidda ya zama wofi, ba a Makka ba. Kai za ka yanke. Yana jakata, babu komai a ciki.

Jikarka,
Hanaa

Hillar Malam, 26 ga Nuwamba

Amaryata, ɓarauniyar tsinke,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. An cire gyaɗa, gwiwa ta ɗan yi sauƙi.

Na zauna kamar yadda kika ce. Da na kai wurin da kukun ya ɗauraye tandu, na ajiye takardar na fita bayan gida na daɗe. Ba zan ɓoye miki ba, na ji kamar an sake binne babana. Da na dawo na ƙarasa, na kai wurin farantin shugaba, na yi dariyar da ta sa Ruqaya ta rugo ta zaci shaƙewa na yi. Na karanta wa masu hafla wannan wurin sau uku. Idan ya kore ki, ki zo, akwai wuri a gefen wutata.

Kin ce in yanke. Na kai wa liman, ya ce wasiyya cewa ta yi jininsa ya ci abin da ke ciki a Makka, kuma jininsa ya ci. Ni ma haka na gani tun kafin in tambaya, so nake in ji daga bakin wani. Ta cika, Hanaa. Ni ban ga Ka'aba ba, kuma abin yana yi mini ciwo, zai ci gaba da yi. Haramin Mahadi yana nan ƙarƙashin matashi, ban cire rai ba. Amma nauyin da na gada ya sauka, har na rasa yadda zan yi tafiya babu shi.

Jiya na daka yaji, karo na farko babu uwa a ciki, wato yajin tandu. Na gasa, na ba Lukman tsinken farko ban ce masa komai ba. Ya cinye ya ce, “Tamam, Baba, yana nan yadda na san shi.” Na tsaya ina kallon turmin. Gyaɗar gonata ce, shattar Damazin, gishirin kasuwar Sinja. Haka yake tun zamanin babana, ni ne ban duba ba.

Ki kawo tandun da kanki, kada ki ba kowa. Ki zo da katin nan da kika rubuta, ina so in ga sunan da idona. Ki sa takalmin kirki, don ƙofar gidan a cike take da yashi da tarkace. Da safen nan na je bakin kogi wurin Mahadi, na ce ya kawo tubali dubu huɗu. Ya dube ni ya dube ni, bai yi dariya ba, ya ce, “Ɗaki nawa?” Na ce biyu, ɗaya na Ruqaya, ɗaya na baƙi, tunda yanzu mu ne masu gida.

Ran Asabar za a haƙa tushe.

Kakanki,
Sodangi